Shafi Biyar Kowace Rana: Nasiha Ga Ɗana Da Ke Kasuwar Anaca

Ɗana,

 Saƙonka ya iso, na kuwa ji daɗinsa ƙwarai. Ka ce bana ka ɗaura niyyar karanta littafi hamsin kafin shekara ta zagayo, kana so in zaɓa maka waɗanda za ka fara da su. Allah ya yi maka albarka. A ce yaro ɗan kasuwa ya aiko wa baffansa yana neman sunayen littattafai, ba ƙarin jari ba, wannan abin a gode wa Allah ne. Amma tunda ka tambaye ni, zan gaya maka gaskiya yadda na san ta. Niyyarka ta yi kyau, lissafinka ne yake son gyara.

Hamsin a shekara, kusan littafi guda ke nan kowane mako. Mutumin da zai fito tun da sassafe, ya wuni yana ciniki da Hausa da buroka da ɗan abin da ya tsinta na yaren Ibo, ya sallami 'yan dako, ya bi bashi, ya koma masauki bayan magariba jiki duk ya yi laushi, da wuya ya riƙe wannan alkawari. Watan farko zai yi ta maza. A na biyu za a bar shi a baya. A na uku kuwa ɗayan biyu ne: ko kunyar kansa ta sa ya watsar gaba ɗaya, ko ya koma neman 'yan sirara yana tsallake shafuka don dai lamba ta cika. Duk biyun babu riba.

Ka bar ƙirga littattafai, ka koma ƙirga shafuka. Ka san yadda adashi yake: ba mai zuba da yawa rana ɗaya ke jin daɗinsa ba, sai mai zubin da ba ya fashi. Ka ɗauki shafi biyar kowace rana. A shekara sun zama shafi 1,825, wato littafi goma sha biyu masu shafi 150, har da ɗan canji. Wata ɗaya, littafi ɗaya, ba gudu ba haki. Inda ma ya fi adashi daɗi, ranar da ka yi fashi babu mai tsaya maka a ƙofa, kai ma kada ka ɗora wa kanka bashin jiya, ka ci gaba daga inda ka tsaya kawai. Malamai sun karantar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka lizimta ko da kaɗan ne. In shafi biyar suka zame maka jiki, da kansu za su koma goma ba tare da ka sani ba.

Na san abin da za ka ce: ina lokacin yake? Ni ma na ci kasuwar kudu, na san rabin sana'armu jira ne. Jiran motar albasa da ta taso daga Aliero ta maƙale a hanya. Jiran a gama lodin manja da kayan da za a haura da su arewa. Jiran ruwan sama ya tsagaita, ga shi ruwan can in ya kece ba ya son ɗaukewa. Jiran mai kaya, jiran direba, jiran kuɗi su shigo a waya. 'Yan'uwanmu masu shanu a Lokpanta da Ugwuoba su kan yi kwanaki zaune gefen garke kafin ciniki ya faɗa. Ka lura da abin da hannunka ke yi a duk wannan zaman: yana cikin aljihu yana lalubo waya. To, ka sa littafi a aljihun nan. Ka naɗe shi a leda saboda damshin garin, ka sa tsohon rasit a inda ka tsaya. In aka idar da la'asar a masallacin Bida Road, kafin ka koma cikin hayaniyar masu baro da masu kiran kaya, ka jingina da bango ka yi shafi biyu. Ukun da suka rage ka yi su da dare a hasken fitila mai caji, kafin barci ya ɗauke ka.

Ga kuma Lahadi da babbar kasuwa ba ta ci. Tun daga watan Agusta na 2021 da aka fara zaman gida na ranar Litinin a jihohin can, kun sha wuni a kulle ba shiga ba fita. Wannan asara ce ga kowa, mu da masu garin baki ɗaya. Duk ranar da aka wayi gari haka, ka zauna inda kake, kada ka fita yawo. Amma kada ka bari asarar ciniki ta haɗu da asarar wuni.

Akwai abin da nake so ka sani game da ƙasar da kake takawa kullum, domin da yawa cikin yaranmu suna shekara da shekaru a Anaca ba su taɓa ji ba. Kasuwar nan da kake gani cike da atamfa da takalma da kayan roba, ta taɓa zama cibiyar littattafai da babu kamarta a Najeriya. Daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa tsakiyar shekarun 1960, ƙananan maɗaba'u a titunan da ke kewaye da ita suna ta fitar da 'yan littattafai masu arha da sauƙin Turanci: labaran soyayya, yadda ake rubuta wasiƙa, yadda ake neman kuɗi a kuma riƙe su, tarihin 'yan siyasa irin su Lumumba na Kwango. Cikin na farko-farko akwai When Love Whispers na Cyprian Ekwensi, wajen 1947. Wasan kwaikwayon Ogali A. Ogali mai suna Veronica My Daughter, da ya fito a 1956, an sayar da dubun-dubatar kwafinsa. Su wa ke saye? Yaran shago, direbobi, teloli, ƙananan akawu, 'yan makaranta. Masu rubutawar ma da yawansu irin waɗannan mutane ne. Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1967 ya ƙone kasuwar, harkar kuma ba ta sake komawa yadda take ba. Amma har yau manyan jami'o'in duniya suna adana waɗannan 'yan littattafai, masana irin su Emmanuel Obiechina sun yi rubutu a kansu.

Labarin bai tsaya a kudu ba. Da matasan Kano, maza da mata, suka fara buga nasu littattafan da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980, sai aka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano, ana kwatanta su da na Anaca. An yi ta muhawara a jaridu: Ibrahim Malumfashi yana sukar ingancinsu, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare su. Kowane ɓangare da hujjarsa. Abin da ba a musu a kansa shi ne, littattafan nan sun sa dubban mutane, musamman matan aure a cikin gidaje, sun koyi karatun boko don su karanta da kansu. Saboda haka duk wanda ya ce maka karatu na 'yan jami'a ne, ɗan kasuwa ba ruwansa, bai san tarihin kasuwa ba.

Yanzu ga zaɓina. Kafin komai, Alƙur'ani ba ya cikin lissafin shafi biyar, shi matsayinsa daban. Bugun Madina shafi 604 ne, in kana yin shafi biyu bayan asuba za ka sauke cikin kwana 302, shekara ba ta cika ba. Ka haɗa da fassarar Hausa, ko ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ko ta Shaihu Nasiru Kabara, don ka san abin da bakinka ke faɗa. Arba'una Hadisi da littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Iziyya da Risala kuwa, waɗannan a gaban malami ake ɗaukar su, ba a ɗaki kai kaɗai ba. Zango ba ya rasa malami, ka nemi wanda jama'a suka yarda da shi ka durƙusa.

A littattafan hira, ka fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Da tsohuwar zuma ake magani. Juzu'i uku ne, sun fito a ƙarshen shekarun 1930. A na farko aku ne ke ta zuba wa ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Na zaɓa maka shi a gaba saboda labaran gajeru ne, kana iya gama guda tsakanin mai saye da mai saye, ga kuma Hausa tsantsa wadda za ta wanke maka baki bayan wunin buroka. Daga nan sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Labarin yaro ne da aka sace, bauta ta ƙetara da shi hamada, uwarsa kuma ta bar komai ta bi sawunsa har ƙasashen Larabawa. Littafin ɗan ƙarami ne, amma wanda ke zaune nesa da gida ba zai karanta shi ya kwana bai kira mahaifiyarsa ba. Ka kuma tuna, lokacin da Imam da Tafawa Ɓalewa suka yi waɗannan rubuce-rubuce na gasar, malaman makaranta ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, sa'anninka.

Biyu na gaba na zaɓe su ne don sana'arka. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na farkon shekarun 1980, yana buɗe cikin harkar fasa-ƙwauri da cin hanci, yadda mai kuɗi ke saye bakin ma'aikata, da inda irin wannan dukiya ke kai mai ita. Kai da kayanka ke ratsa shingaye daga arewa zuwa gadar Kwara, za ka gane fuskoki da yawa a ciki. Sai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Wani ɗan kasuwar Kano ne ya samu buɗi, ya wulaƙanta uwar 'ya'yansa Rabi, ya kore ta da yara saboda sabuwar amarya. Ita ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, shi kuma gobara ta bi ta kan rumfarsa. Duk namijin da Allah ya fara buɗa wa ya kamata ya karanta shi tun kafin kuɗin su fara yi masa raɗa a kunne. An fassara littafin zuwa Turanci a 2012, wani kamfanin ɗab'i na Indiya ya buga. Marubuciyar kuwa an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, sai daga baya ta koma ajin manya ta kama alƙalami. Ka ga babu wanda lokaci ya ƙure wa.

In kana son na soyayya, kada ka ji kunyar faɗa, ɗabi'ar ɗan Adam ce. Ka nemi So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, na 1980, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya girgiza Kano a farkon shekarun 1990 da labarin 'yar masu kuɗi da ta nace sai talaka. Cikin na baya-bayan nan kuwa, abin da ya fi burge ni shi ne gajerun labaran gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Labarin da ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira yake. A 2022 Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta zo ta ɗaya da Garar Biki. 'Yan mata da matan aure ne ke faɗin abin da ke ci wa gidajenmu tuwo a ƙwarya yau ɗin nan: tsadar aure, ƙaura, rashin tsaro, maraici. Namijin da ke son sanin abin da matan gidansa ba sa iya gaya masa baki da baki, ya saurari waɗannan.

Turanci ma kada ka bar shi, da shi ake rubuta takardun kayanka. Ka fara da Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966. Achebe mutumin Ogidi ne, nan kusa da ku. Labarin wani yaro ne da aka kawo Anaca wurin kawunsa, ba shi da buri sai ya samu kuɗin jirgin fito ya ƙetara kogi zuwa Asaba, a zamanin da ba a gama gada ba. Don yara aka rubuta shi, Turancinsa mai sauƙi ne, kuma garin da kake ciki za ka gani da idon ɗan gari. Bayansa ka ɗauki The Passport of Mallam Ilia na Ekwensi, na 1960, labarin ramuwar gayya a ƙasar Hausa. Ekwensi a Minna aka haife shi, kamar yadda aka haifi Nnamdi Azikiwe, ɗan asalin Anaca, a Zungeru. Sun san mu, sun ji harshenmu. Kai ma ka san su. Baƙon da ya karanta labarin masu masaukinsa ya fi iya zama da su, ya san abin da ke faranta musu da abin da ke sosa musu rai, cinikinsa ma ya fi albarka. In ƙafarka ta yi ƙarfi a Turanci, akwai Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016. Yana taɓo rikicin Jos da 'yan bangar siyasa da kaɗaicin gwauruwa. Amma in gaya maka tun yanzu, na manya ne, akwai wuraren da ya fito da magana fili, ba wanda za ka bari a kan tabarma yara su ɗauka ba.

Maganar waya kuma, ban hana ka karatu a cikinta ba. Marubuta da yawa yanzu a can suke sakin littattafansu, wasu a Wattpad, wasu a WhatsApp, wasu ana karanta su da murya a YouTube. Akwai na kirki, akwai kuma na batsa da ba su da abin ba ka sai ɓata zuciya. Shafi biyu sun isa ka gane wanne ne a hannunka. Abu biyu kawai zan ja maka kunne a kai. Na ɗaya, wayar da ke ɗauke da littafin ita ke ɗauke da saƙonni da bidiyo, kana tsakiyar shafi za ta janye ka, don haka ka kashe data kafin ka fara. Na biyu, in marubuci ya sa wa littafinsa kuɗi, ka biya. Kada ka karɓi wanda aka kwafa ana rabawa a ɓoye. Kai da ka san zafin a ɗauki hajarka ba a biya ba, bai kamace ka ka ci gumin wani ba. Na takarda kuwa, direbobin da ke sauko muku da kaya suna ratsa Kano da Zariya. Ka ba amintacce kuɗi da sunaye a rubuce, ya tsaya wurin masu littattafai a Sabon Gari ya sayo maka.

Ga yadda za ka riƙe abin da ka karanta. A bayan littafin da kake rubuta bashi, ka ware shafi guda. Duk wanda ka gama, ka rubuta sunansa da na marubucin da ranar, sannan layi ɗaya ko biyu na abin da ya bar maka. Ba don nuna wa kowa ba. Wanda ya san zai rubuta wani abu a ƙarshe, da hankalinsa yake karatu tun daga farko. In ka yi shafi talatin a littafi ka ji bai kama ka ba, ka ajiye ka ɗauki wani, ba ka yi laifi ba. Wataƙila lokacinsa ne bai yi ba. Wanda kuma ya yi maka daɗi, ka sake shi ko sau nawa, shi ma cikin lissafi yake. Kada kuma ka gaskata komai don kawai ka gan shi a buge. Marubuci mutum ne, yana daidai yana kuskure. Ka auna maganarsa da addininka da hankalinka da abin da idonka ya gani.

Sannan kada ka ci kai kaɗai. A masaukinku akwai 'yan ci-rani, masu gadi da masu wankin takalmi da masu tura baro, waɗanda suka yi allo amma boko bai samu shiga ba. Da daddare wurin mai shayi ka karanta musu labari ɗaya da ƙarfi. Haka aka riƙa yi da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da ta fara fitowa a 1939: mutum ɗaya ya saya, zaure guda ya saurara. Za ka ga wanda ya wuni ana yi masa tsawa da yaren da ba ya ji ya saki jiki yana dariya da harshen uwarsa. Cikinsu wani zai ce ka koya masa baƙaƙen, ka koya masa.

Gidanka ya fi kowa haƙƙi a kanka. 'Ya'yanmu da aka haifa a Anaca da Inugu da Fatakwal suna tashi da buroka da yaren gari, wannan kuwa arziki ne, ba abin ƙi ba. Abin tsoro shi ne ranar da za a kai su gida su kasa hira da kakarsu. Labari ɗaya daga bakin uba kowane dare yana toshe wannan ɓaraka. Maiɗakinka ma ka sayo mata nata, ka tambaye ta wanda take so, ku riƙa musaya. Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Mu jikokin wannan tarbiyya ne, a kudu muke ko a arewa.

Abu na ƙarshe da nake roƙonka: littafin da ka gama kada ya kwanta a ƙarƙashin katifa. Ka samu akwatin ƙarfe mai murfi, ka nemi izinin shugabannin zango a ajiye shi inda jama'a ke taruwa, ka zuba naka a ciki, ka sa littafin rubuta sunan mai aro. Ka gaya wa abokanka kowa ya kawo guda. Wasu za su ɓata, wasu za su dawo ba bango, kada wannan ya karya maka gwiwa. Littafin da ya tsufa a hannun mutane ya yi aikinsa. Mutum goma in kowa ya kawo goma sha biyunsa, a shekara ɗaya kun tara 120, yaron da zai sauka daga mota baɗi ya tarar da abin da ku ba ku tarar ba.

Allah ya buɗa maka kasuwa, ya buɗa maka ƙirji, ya ba ka ilimi mai amfani da dukiya mai albarka. Allah ya zaunar da ku lafiya da maƙwabtanku, ya tsare ku a hanya. Ka gai da maiɗakinka da yara, ka gai da malaminku da dattawan zango.

Naka,
Baffanka.